Na Bi Sawun Kyogre Har Tsibirin da Hadari Ba Ya Gajiya

Assalamu alaikum jama'a. Nan ƙarfe bakwai da rabi na safe, a gida kuwa sha ɗaya da rabi na dare, na san yawancinku kun kwanta. Ina tashar jiragen ruwa ta Kagoshima, can ƙasan tsibirin Kyushu a kudancin Japan. Bari in juya muku kyamara. Kun ga dutsen can da hayaƙi ke tashi a kansa? Sakurajima ke nan. Mutanen garin nan sun saba da shi har hukuma tana raba musu leda ruwan ɗorawa ta kwashe toka. Ku riƙe shi a rai, zan dawo kansa.

Yau tsibirin Yakushima na nufa, tafiyar kusan awa huɗu a babban jirgi. Akwai mai gudu da ke yin ta a wajen awa biyu, amma a cikinsa zama ake yi a ɗaure, ba a fita waje, ni kuwa tekun na zo gani. Abin da ya taso ni wata halitta ce da ba ta taɓa numfashi a duniya ba, sunanta Kyogre.

Ina aji biyu na ƙaramar sakandare a Gumel yayana ya saka min wasan bidiyo na Pokémon Sapphire, inda Kyogre yake, a wayarsa. Ranar da na kai wurin da dodon ya farka, cikin bazara ne, zafin Afrilu, ina kwance a zaure kan tabarma. Sai allon ya yi duhu, ruwa ya ɓarke, walƙiya ta ko'ina, mutanen cikin wasan duk hankalinsu ya tashi, wai duniya za ta halaka. Ni kuwa na kasa ganewa. Mu da ke fita filin idi sallar roƙon ruwa in damina ta yi jinkiri, mu da yara ke tsalle in hadari ya haɗo daga gabas, ta yaya za a ce ruwan sama shi ne bala'in? Shekara da shekaru tambayar nan tana raina, sai da karatu ya kawo ni Kyushu na fara samun bakin zaren.

Mun shiga jirgi. Kafin ya tashi bari in gabatar da shi ga wanda bai san shi ba. Kamfanin Game Freak ne ya yi wasan, ya fito a Japan ranar 21 ga Nuwamba 2002 a na'urar Game Boy Advance, kashi biyu: Ruby mai hoton Groudon, jan dodon tudu, da Sapphire mai hoton Kyogre. Lambarsa 382 a jerin halittun wasan. Jikinsa shuɗi ne, haɓarsa fara, da fararen tabo a gefen kai. Yana da manyan fukafukan iyo guda biyu masu faɗi kamar faifai, kowanne da abu huɗu a baki kamar yatsu, ga jan zane ya bi jikinsa kamar an yi masa ƙunshi. Tsawonsa mita 4.5, nauyinsa kilo 352, wato babban bijimin layya ma zai iya rinjayarsa a sikeli. Ba namiji ba ne ba mace ba, kuma guda ɗaya tak ake samu a wasan.

Ƙarfinsa ba a haƙori yake ba. Da zarar ya shigo fagen faɗa, tun bai motsa ba, ruwa zai sauko. Da Turanci an sa wa wannan baiwar sunan da ke nufin yayyafi, amma sunan Japananci ya fi faɗin gaskiya: amefurashi, mai saukar da ruwa. In ruwan ya sauko, duk wani farmakin ruwa ƙarfinsa na ƙaruwa da rabi, na wuta ya ragu da rabi, tsawa kuma ba ta kuskure. Da aka sake gina wasan a 2014 aka ba shi siffarsa ta asali, mai tsawon mita 9.8, kuma a gaban wannan siffar farmakin wuta ko tashi ba ya yi, ruwan ke kashe shi tun daga tushe.

In ka shiga intanet ka tambayi inda aka samo Kyogre, amsa ɗaya za ka yi ta cin karo da ita: Lewiyatan. Kuma biri ya yi kama da mutum. A tsofaffin ruwayoyin Yahudawa akwai manyan halittu uku, Lewiyatan na teku, Behemot na tudu, da Ziz, tsuntsun da aka ce fukafukansa na tare rana. A wasan ma uku ne, Kyogre da Groudon da Rayquaza, koren macijin sararin sama wanda ke saukowa ya raba su faɗa a Pokémon Emerald na 2004. Wannan rabon na teku da tudu da sama ya zauna daram, ban musa ba.

Amma ku duba yadda aka siffanta Lewiyatan a littafin Ayuba, sura ta 41. Bayansa sulke ne, ɓawo kan ɓawo har iska ba ta ratsawa, wuta na fita daga bakinsa, hayaƙi daga hancinsa. Shi ya sa masu fassara da dama suka ce kada ake nufi, Behemot kuma dorina. Sunan ma daga saiwar kalmar nannaɗewa ya fito, 'yar'uwar lawa ta Larabci, abu mai murɗewa irin na maciji. In aka ƙara komawa baya, allunan yumɓu da aka fara tonowa a Ras Shamra ta Siriya a 1929, inda tsohon birnin Ugarit yake, suna ɗauke da labarin Lotan, macijin teku mai kai bakwai. Wanda ya kayar da shi kuwa Ba'al ne, gunkin da mutanen wurin suka ɗauka shi ne mai hadari da ruwan sama. To kun ga inda gizo ke saƙa. A can, mai ruwan sama abokin gabar dodon teku ne. A wurin Kyogre, dodon tekun shi ne mai ruwan saman. Ba wuta, ba ɓawo, ba murɗewa. Kujerar Lewiyatan aka ba shi, amma jikinsa da halinsa daga wani gidan suka fito.

Wani abu da na tsinta a hanya, don masu sha'awar littattafan Larabci: al-Ƙazwini, wanda ya rasu a 1283, ya kawo labarin wani ƙaton kifi da duniya ke ɗore a bayansa, wanda aka fi sani da Bahamut. Masana na ganin sunan daga Behemot ya taso. Dabbar tudu ta shiga bakin Larabawa ta koma kifi, daga baya masu wasan Final Fantasy suka ɗauke ta suka mai da ita dodo mai fukafukai. Haka sunayen nan ke yawo, kowa ya karɓa ya ɗinka musu rigar garinsu.

Na fito saman jirgi, ku yi haƙuri da ƙarar iska. Sakurajima ya koma bayanmu. Na ce zan dawo kansa: da can tsibiri ne, ruwa ya kewaye shi. A watan Janairu 1914 ya yi aman wuta mai tsanani, narkakken dutse ya kwarara ya cike mashigin da ke tsakaninsa da yankin Osumi, tun daga lokacin ya haɗe da tudu. A wasan an ce Groudon shi ne mai faɗaɗa ƙasa, Kyogre mai faɗaɗa teku. A garin nan akwai waɗanda kakanninsu suka ga tudu ya ci teku ido na ganin ido. Ƙasar Hoenn da wasan ke gudana a ciki ma taswirar Kyushu ce aka kwantar a gefe, kuma Junichi Masuda, wanda ya jagoranci aikin, a Kyushu yake yin hutun bazara yana yaro.

Yanzu jikin Kyogre. Fararen tabon nan da farar haɓa da faffaɗan fukafukai duk na orka ne, dabbar teku mai baƙi da fari, mai shayarwa, wadda ke farauta a garke kuma ba abin da ke farautarta. Sunan Kyogre na Japananci Kaioga ne, ana jin kai a ciki, wato teku, ana jin o, wato sarki, ƙarshensa kuma na karo da orka. Har tsawon nan na mita 9.8 daidai yake da na orka mafi girma da aka taɓa aunawa. A arewacin ƙasar nan, a Hokkaido, al'ummar Ainu na da Repun Kamuy, mai mulkin teku mai zurfi a al'adarsu, kuma a siffar orka suke ganinsa, don shi ke koro manyan dabbobin ruwa zuwa gaɓa mutane su samu nama.

Abin da ya fi kama ni shi ne sunan orka a bakin Japanawa: shachi. Bara na je fadar Kumamoto, na ɗaga kai na ga wasu kifaye biyu a ƙololuwar rufi, kai a ƙasa, wutsiya a sama, fuska irin ta damisa. Na tambayi wani dattijo mai yi wa baƙi jagora, ya ce shachihoko ne, kuma harafin da ake rubuta su da shi shi ne na orka, kifi da damisa a haɗe. Fadojin nan da katako aka gina su, babban makiyinsu gobara. Sai aka ɗora wannan dabbar a kan rufi bisa imanin cewa in wuta ta tashi za ta feso ruwa, ta kira hadari. Na Kumamoto sun faɗo a girgizar ƙasar Afrilu 2016, aka ƙera sababbi aka mayar. Ina tsaye a wurin na tuna yadda farmakin wuta ke mutuwa a gaban Kyogre, tsigar jikina ta tashi. Orka mai kiran ruwa ya kashe wuta ya fi shekara ɗari huɗu a kan rufin fadojin ƙasar nan.

Ga dutsen Kaimon can dama, mai kama da an kife ƙwarya mai tsini, mita 924. Daga nan mun bar bakin gulbi, za mu shiga buɗaɗɗen teku, jirgin ma ya fara rawa. Bari in zauna in ba ku tatsuniyar da a ganina ita ce uwar labarin, kuma a wannan gaɓar da muke wucewa aka ce ta faru. Tana cikin Kojiki, tsohon littafin tarihi da tatsuniyoyin Japan, wanda aka kammala a shekarar 712.

Wasu 'yan'uwa ne biyu. Wan masunci ne, Umisachihiko, mai rabo a teku. Ƙanen maharbi ne, Yamasachihiko, mai rabo a dutse. Ƙanen ya matsa sai sun yi musayar kayan sana'a, ya karɓi ƙugiyar wansa ya tafi su, bai kama ko ɗaya ba, ƙugiyar ma ta ɓace a ruwa. Ya karya takobinsa ya ƙera ƙugiya ɗari biyar, wan ya ƙi karɓa. Ya ƙera dubu, ya ce shi tasa ta asali yake so. Yana zaune bakin teku yana kuka sai wani tsoho ya saka shi a kwando ya tura shi fadar Watatsumi, sarkin teku. Can ya auri 'yar sarki, Toyotama, ya shekara uku. Da ya faɗi damuwarsa aka tara kifaye, aka samu ƙugiyar maƙale a maƙogwaron wani jan kifi.

Nan ne wurin da nake so ku kasa kunne. Da zai koma, sarkin teku ya ce masa in wanka ya yi gona a tudu kai ka yi a kwari, in ya yi a kwari kai ka yi a tudu, domin ruwa a hannuna yake, cikin shekara uku zai talauce. Kun ji? Sarkin teku ne, amma shi ke raba ruwan gona. Sannan ya ba shi duwatsu biyu masu daraja, ɗaya na ciko da teku, ɗaya na janye ta. Da wan ya talauce ya zo da faɗa, ƙanen ya fito da na cikowa, ruwa ya taso har wuya. Da ya nemi gafara ya fito da na janyewa, ruwa ya koma. Aka ce zuriyar wan su ne Hayato, mutanen kudancin Kyushu na dā, waɗanda ke yin rawar kwaikwayon mai nutsewa a fadar sarki. Har yau akwai yanki da tashar jirgin ƙasa mai suna Hayato a arewacin gulbin da muka baro.

Wanda ya buga wasan ya riga ya gane. A wasan ma akwai duwatsu biyu masu daraja, ja da shuɗi, ajiye a kan dutsen Pyre. Ƙungiya biyu, Team Aqua ta teku da Team Magma ta tudu. A Sapphire na asali, Archie shugaban Team Aqua jan dutsen ya sace, ya shiga kogon ƙarƙashin teku ya tashi Kyogre, dodon ya ƙi jin maganarsa ya yi gaba, ruwa ya ɓarke. Kai mai wasa aka damƙa maka shuɗin, ka bi shi har kogon da ke birnin Sootopolis. Dutse ɗaya na tayar da ruwa, ɗaya na kwantar da shi. Ni dai duk lokacin da aka ce min Lewiyatan, wannan tatsuniyar nake fara tunawa. Tatsuniya ce ta mutanen wurin, mu mun san Mai saukar da ruwa, amma tana nuna maka abin da ke cikin zuciyar manomin shinkafa da ke zaune tsakanin dutse da teku.

Rigimar tudu da teku kuma ba ta tsaya a tatsuniya ba. A lardin Nagasaki akwai gulbin Isahaya. Ranar 14 ga Afrilu 1997, shekara biyar kafin wasan ya fito, aka saki ƙofofin ƙarfe 293 ɗaya bayan ɗaya aka datse gulbin don a busar da shi a yi gonaki. Masunta da masu noman ganyen teku suka ce an kashe musu abinci, manoman da suka samu fili suka ce in aka buɗe gishiri zai cinye musu amfani. Wata kotu ta ce a buɗe a 2010, wata ta ce kada a buɗe, aka yi ta ja har 2023 kafin Kotun Ƙoli ta tsayar da magana a kan ƙofofin su ci gaba da zama a rufe. Masu bibiyar wasan da yawa na ganin inuwar wannan rikicin a Team Aqua da Team Magma. Ni da na tashi ina jin ƙorafin masunta da manoman fadamar Haɗeja da Nguru kan madatsun da aka yi a sama, ban sha wahalar gane zafin kowane ɓangare ba.

Ku duba gabanmu. Wancan baƙin abin ba dare ba ne, Yakushima ce hadari ya lulluɓe. Ta hagu, shimfiɗaɗɗen tsibirin can, Tanegashima ne, inda Japan ke harba rokoki, shi ne Mossdeep a wasan, har da cibiyar sararin samaniyarsa. Masu ɗora taswira kan taswira suna sa Sootopolis daidai inda Yakushima take. Tsibiri ne kusan zagayayye, tsakiyarsa dutsen Miyanoura mai mita 1,936, wanda ya fi kowane dutse tsawo a yankin Kyushu. Igiyar ruwan ɗumi ta Kuroshio na wucewa ta nan, tururi ya tashi daga teku, ya bugi duwatsun, ya juye. A bakin gaɓa ana samun sama da milimita 4,000 a shekara, a kan duwatsu ya ninka haka. Fiye da damina biyar ta garinmu ke nan a shekara ɗaya. Har cewa ake yi a nan ana ruwa kwana talatin da biyar a wata. Wato ko a ilimin yanayi, teku ce ke haifar ruwan saman nan, kana tsaye kana kallon yadda take yi.

To ga shi ya iso. Bari in rufe kyamara da leda. Wannan ba yayyafi ba ne, ba kuma irin namu ba ne mai zuwa da iska da tsawa ya yi awa ɗaya ya wuce a fito ana shaƙar ƙamshin ƙasa. Mamako ne, amma mai nauyin ruwan bakin ƙwarya, kuma yana iya kwana uku a haka. Shekarata ta farko a Kyushu, duk dare wayata na kururuwar gargaɗi, sunayen unguwanni na wucewa a talabijin ana cewa a tashi a koma makarantu. Abokan karatuna suka ba ni labarin kogin Kuma da ya cinye garin Hitoyoshi a Yuli 2020, tsofaffin Kagoshima kuma har yau suna maganar ambaliyar 6 ga Agusta 1993. A nan ruwa ba gida kawai yake ci ba, gefen dutse yake yankowa da itatuwansa ya kife kan ƙauye. Mu ma mun ɗanɗana, Jigawa a 2022, Maiduguri a Satumba 2024 da madatsar Alau ta ɓalle. Amma yaron da ke kwance a zaure a Gumel bai san wannan fuskar ta ruwa ba tukuna.

Abin da ya sa har yanzu nake ƙaunar dodon nan shi ne masu wasan ba su mai da shi mugu ba. A bayanin da suka rubuta a kansa, wuri ɗaya sun ce shi ya mamaye ƙasa da ruwa da igiyoyi ya faɗaɗa teku, wani wurin kuma sun ce ya ceci mutanen da fari ya addaba. Halitta ɗaya, aiki ɗaya. Wanda ya jawo masifa a labarin mutum ne, wanda ya ga ruwa alheri ne ya ce to a ƙaro, ya miƙa hannu ya taɓa abin da ba shi da ikon mayarwa. Fuskar Archie a lokacin da ya fito daga kogon ya ga sama, ita ce ban gane ba ina yaro.

Mun sauka tashar Miyanoura. Lemar da na saya da safe ba ta yi minti biyar ba iska ta juye ta, takalmina ya cika taf. Na samu wani ɗan shagon abinci, matar ta kawo min soyayyen kifi mai tashi, tobiuo, da fukafukansa a buɗe, shi ne abin alfaharin tsibirin. Gobe in an wayi gari lafiya ina son shiga dajin tsofaffin itatuwan sida, waɗanda suka sa aka saka tsibirin cikin wuraren tarihi na duniya a 1993, amma mai masaukina ta ce in hanya ta rufe ba mai hawa, kuma sai da asuba za a sani.

Yanzu ƙarfe shida na yamma, goma na safe a gida, na kira Umma. Ta ji ƙarar rufi ta ce, "Kai ɗan nan, wannan duk ruwa ne?" Na ce ruwa ne Umma, tun azahar bai ɗauke ba. Ta yi shiru, sannan ta ce su an yi shuka kwana goma sha biyu ke nan, geron ya fito, amma ko ɗigo ba a ƙara ba, Baba kullum da yamma sai ya fita bayan gida ya duba gabas. Na miƙa wayar ta taga don ta ji da kyau. Ta ce, "Allah Ya kawo mana namu, mai albarka." Na ce amin. Ku ma ku taya mu da amin, sai mun haɗu da asuba in hanyar dajin ta buɗe.